Injiniya Ya Manta Gishiri

Tun da aka sallamo Shugaba daga asibiti gidan ya yi shiru, kuma shirun nan shi ya fi komai damun mijinta. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune da matar nan, bai taɓa gama shan shayin safe ba tare da an gaya masa ya cika suga ko ya ajiye cokali inda ba wurinsa ba. Yanzu kuwa har da gangan ya ɗauki cokalin ya ɗora a kan kujerar falo, ya tsaya yana jira. Kwana uku cokalin na nan, ba wanda ya ce masa uffan.

Shugaba suna ne da ta samo a kicin ɗin wata makarantar kwana, inda ta shekara talatin tana juya masu dafa abincin yara ɗari shida. Da ta yi ritaya sai yaran suka ragu zuwa mutum ɗaya, wato mijinta, amma muryar ba ta ragu da komai ba. Shi kuma Injiniya ita ta raɗa masa don tsokana, ya bi shi har unguwa ta manta da wani sunan. Mai gyaran fanka ne da dutsen guga, a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, wanda in ya miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai.

An yi mata aiki ne aka cire maɗaciya, aikin kuma ya yi kyau. Abinci ne ya gagara. Likita ya hana ta duk abin da aka tsoma a mai, ita kuwa ta ce sauran abincin duniya duk ɗanɗanon kwali gare shi. Injiniya zai jero mata romo da burodi a faranti, ya kai har gado, ya gyara mata matashi. Sai ta yi cokali biyu ta ture, ta juya fuska bango. Zoben da a da sai da sabulu yake fita daga yatsarta, yanzu da kansa yake zamewa.

Ranar Juma'a da suka koma asibiti, likita ya dubi sikeli ya dubi takarda, fuskarsa ba wasa.

"Baba, ku dawo nan da kwana goma, ranar Litinin. In na ɗora ta na ga ta ƙara raguwa, riƙe ta zan yi, mu sa mata ruwa."

A mota Shugaba ta ce, "In na koma gadon nan..." sai ta yi shiru. Ba ta taɓa barin magana a rabi ba tun da ya san ta. Tsoro ya kama Injiniya sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka tura ta ɗakin tiyata.

Washegari da safe ya fita don kada ta ga fuskarsa. A kwanar layinsu mai ayaba ta tare shi, tana ware waɗanda suka yi baƙi gefe guda.

"Baba Injiniya, ya jikin Shugaba? Kwana biyu ba mai kwashe mini waɗannan. Ita kaɗai ta san darajarsu."

"Waɗannan ruɓaɓɓun?"

"A'a, Baba, kada ta ji ka! Ai da su take yin donat ɗin nan nata. Ta ce in ayaba ba ta yi baƙi ba, yarinya ce, ba ta san komai ba." Ta zuba masa guda takwas a leda ta miƙa. "Ka kai mata, ka ce ina gaida ta."

Ya riƙe ledar yana tafe yana tunani. Donat ɗin ayaba shi ne abin da Shugaba ta fi so a duk abin da hannunta ya iya. Amma a mai ake tsoma shi, man kuwa an hana. Yana shiga kicin idonsa ya faɗa kan kwalin da ke saman kabad.

Autarsu ce, wadda ke aikin jinya a wani gari, ta aiko da shi tun ranar da ta ji dokar likita. Tukunya ce ta lantarki, wai da iska mai zafi take suya. Shugaba ta yi wa kwalin kallo ɗaya ta ce, "Suya ba mai? Gobe kuma sai a kawo mana wanka ba ruwa." Ta sa aka ɗaga shi sama, ko buɗewa ba a yi ba.

Injiniya ya sauko da shi, ya kira Auta ƙasa-ƙasa. Ta karanto masa abin da ake zubawa, yana rubutawa da biro a jikin kwalin: ayaba, fulawa, ƙwai, suga, madara, hodar da ke sa ƙulli ya tashi, gishiri kaɗan, kirfa.

"Baba, kai za ka yi? Kai da ko ƙwai ba ka taɓa dafawa ba?"

"Ke dai faɗa mini minti nawa."

"Takwas, ka juya a tsakiya. Amma Baba, don Allah ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka kwance ta. Sabuwa ce fil."

"Wa ya ce miki zan kwance?" in ji shi, alhali sukundireba na hannunsa na dama.

A ba shi uzuri. Mutum ne da bai taɓa yarda ya kunna abin da bai ga cikinsa ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur kamar yadda yake yi a shago, ya dinga cire noti ɗaya bayan ɗaya yana jerawa daga hagu zuwa dama, don in ya tashi mayarwa ya bi daga dama zuwa hagu. Da wannan jerin yake alfahari. A duk shekarunsa na gyara, noti bai taɓa yi masa saura ba. Da ya ɗage murfin sai ya tuntsire da dariya shi kaɗai. Ƙarfe ne a nannaɗe mai yin ja, irin na risho mai lantarki, sai 'yar fanka zaune a kansa.

"Ashe ke 'yar gida ce," ya ce mata. "Shi ne ake ta yi mana barazana da ke?"

Ya sa yatsa ya juya fankar. Lafiyarta ƙalau. Amma fanka ba ta taɓa ratsa hannun Injiniya ta fita ba tare da ta sha mai ba. Hannunsa da kansa ya lalubo 'yar butar man keken ɗinki daga aljihu, ya ɗiga mata biyu, ya ƙara na uku don baƙunta. Ya rufe, ya ɗaure, ko noti ɗaya bai rage ba.

Sannan ya shimfiɗa wani farin ƙyallen, ya jera kayan haɗin a ƙananan kwanoni, su ma daga hagu zuwa dama. Ya ɓare ayaba uku ya dame da cokali mai yatsu, ya zuba komai bi da bi, ya shiga murza ƙullin da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Ya fitar da zagaye da bakin kofi, ya huda tsakiya da murfin kwalba. Guda uku ya sa a kwandon tukunyar, ya murɗa agogon, ya ja baya ya harɗe hannu.

Minti biyu komai lafiya. A na uku wani wari ya fara tashi, warin da duk wanda ya taɓa zama kusa da tela ya san shi. Kafin ya yi wani yunƙuri ya cika kicin, ya bi baranda, ya shige ɗaki.

"Wa ke ƙona keken ɗinki a gidan nan?"

Injiniya ya tsaya cak. Muryar ba ta kai ta da ƙarfi ba, amma ita ce, da faɗanta da komai. Daɗi ya rufe shi har ya manta da kashe tukunyar. Ya ji takun silifas a hankali, ana dafa bango. Sai ga ta a bakin ƙofa, ɗankwali a karkace, ido na yawo daga fulawar da ke ƙasa zuwa wadda ke girarsa.

"Me nake gani haka?"

"Donat nake yi miki, Shugaba."

"Da man keke?"

"A'a, ai man fankar na sa wa. Ɗigo uku ne kawai."

Ta dube shi, ta dubi tukunyar, ta sake dubansa.

"Mutane sun zauna sun ƙera abin suya da ba ya son mai. Duk duniya ta yarda. Ya zo gidan nan, kai ka ba shi mai. Kuma ba na gyaɗa ba, na keke!"

Ya jawo mata kujera, ta ture da ƙafa. Shugaba ba ta zama a kicin. Ta jingina da kantar kicin, ta shiga ba da umarni: ya zubar da ukun nan, ya cire wayar daga bango, ya jira ta huce, ya sake kwancewa tunda kwancewar ce sana'arsa, ya goge man nan tas. Ya yi duk yadda ta ce, bakinsa har kunne, ita kuma tana tambayarsa abin da ya gani na murmushi. Ta sa ya jefa ɓawon lemun tsami a kwandon, aka kunna tukunyar ba komai har sau biyu, sai da ta shinshina ta ce warin ya tafi.

Zubi na biyu ya fito ba wari, amma da ya saki ɗaya a faranti sai da ya yi ƙara. Shugaba ta ɗauka, ta matsa da yatsa, ta karya da ƙyar. Ta kai hanci, sannan ta kai baki ta gatsa.

"Wannan ai tayar keke ce. Ka murje shi kamar kana wanki. Ƙullin donat ba a dukansa, haɗa shi ake yi a bar shi." Ta sake gatsa don ta tabbatar. "Kuma ayabar ta yi kaɗan. Kuma ya bushe. Ka ƙara ayaba, ka rage fulawa, ka shafa masa ɗan mai a jiki."

"Ɗaya bayan ɗaya," in ji Injiniya.

"Kamar yaya?"

"In fanka ta ƙi tashi, ba a canja mata abu uku a lokaci guda. In ta tashi, ba ka san wanne ne ya gyara ta ba. Abu ɗaya ake canjawa, a gwada."

"Yau na ga ta kaina," ta ce, amma ba ta tafi ba.

Yana sabon kwaɓi ya saci kallon farantin. Rabin tayar keken babu. Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Ɗanɗanawa na yi."

Kalmar nan ta tsaya masa a rai. Sau dubu nawa ya ji ta? Ya tuno ta tsaye a gaban kasko, tana ɗaukar na farko da zafinsa tana hura yatsu, tana cewa ɗanɗanawa take yi. Ya tuno ta a bakin tukunyar miya, ludayi a hannu. Ya laluba iya tunaninsa ko zai ga ranar da matar nan ta zauna ta cinye faranti guda a gabansa, bai samu ba. Kullum in ya ce ta zo su ci, sai ta ce ta ƙoshi, kuma gaskiya take faɗa, a tsaye ta ƙoshi. Ashe duk kwanakin nan da yake kai mata faranti gado yana gyara matashi, abincin baƙi yake ba ta. Ya ji kunya, ya kuma ji kamar an ɗauke masa buhu daga ka.

Zubi na uku ya fito da laushi, tunda bai dake shi ba, sai dai fari fat kamar bai ga wuta ba. Ta ci rabi ta ce sai an shafa mai. Injiniya ya ƙi, sai da aka kira Auta. Auta ta ce ɗan abin da za a dangwala a shafa a sama ba zai yi komai ba, tsomawa ce likita ya hana. Sannan ta ce, "Tsaya, Baba, muryar wa nake ji? Mama ce a kicin?"

"Ni ce," in ji Shugaba, ta karɓe wayar. "Na zo ceton tukunyarki. Ubanki ya kwance ta sau biyu."

"Baba!"

"Noti bai yi saura ba," ya ce daga nesa.

A zubi na huɗu haƙurin Shugaba ya ƙare. Mace mai ciyar da yara ɗari shida ba za ta tsaya tana kallon ana suya uku-uku ba. Ta karɓe kwandon ta jera guda tara, gefe na taɓa gefe, har ta ɗora biyu a sama.

"Shugaba, ba za su yi ba."

"Kai za ka koya mini suya?"

"Suya taki ce. Amma wannan iska ce, iska kuwa tawa ce. In ba ta samu hanyar wucewa ba, ba ta aiki. Ko fanka ce kika manna ta da bango, ƙara kawai za ta yi miki."

"Rufe ka kunna."

Ya rufe ya kunna. Bayan minti takwas aka jawo kwandon, sai ga abu guda ɗaya ƙato, saman ya ƙone, tsakiyar ɗanye, ramukan duk sun toshe. Injiniya ya kafa wa silin ido, yana cizon leɓe. Shekara arba'in da ɗaya yana jiran rana irin wannan, da ta zo kuma sai ya rasa ƙarfin halin cewa komai.

"In ka yi dariya," in ji Shugaba.

"Ni? Tari ne."

Sai ita ta fara. Ta dafe wurin ɗinkin da hannu ɗaya, tana dariya tana cewa wayyo, tana ce masa ya daina ba ta dariya zai farke mata aiki. Shi ma ya saki tasa har da hawaye. Da suka lafa ta ɓalli gefen da ya gasu ta ci, wai don kada a yi asarar ayabar mutane.

Zubi na biyar guda huɗu aka sa, kowanne da filinsa, an ƙara ayaba, an shafa mai sama-sama. Tun kafin agogon ya buga ƙamshin ya gaya musu. Suka fito jawur, sun kumbura, ya juya su cikin suga da kirfa da zafinsu. Ya ɓalli kaɗan ya sa a baki: waje da ɗan ƙarfi, ciki kamar auduga, ayabar ta fito sosai. Shugaba ta gatsa sau ɗaya, ta tauna a hankali, ta ajiye sauran.

"To, ya yi," ta ce. Ta kakkaɓe hannu, ta gyara ɗankwali, ta juya ta nufi ƙofa.

Injiniya ya bi ta da kallo. Abin da ya yi daidai ba ya buƙatar Shugaba; haka ta saba, in tukunya ta yi, sai ta wuce ta gaba. Nan kuwa ba ta gaba sai gado.

"Tsaya mana," ya ce da sauri. "Sau ɗaya ai sa'a ce. Ko fanka na gyara, sai na kashe na sake kunnawa kafin in ba mai ita."

Ta ja tsaki, amma ta dawo ta jingina. Ya sake cika kwanonin, ya fara bin layi daga hagu. Ayaba, fulawa, ƙwai, suga, madara, hoda. Hannunsa ya iso kan kwanon gishiri, ya ɗan tsaya a sama, ya tsallake zuwa kirfa. Bai taɓa yin ha'inci a aiki ba, har gumi sai da ya tsatso masa a goshi.

Da suka fito, ido ba zai raba su da na baya ba. Shugaba ta gatsa, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai lami ne! Ina gishirin?"

"Ban sa ba? Kai, tsufa."

"Gishirin nan ɗan kaɗan ne, amma shi ke tada zaƙin. Miƙo na ɗazu ka ji bambanci." Ta gatsa na ɗazu, ta gatsa na yanzu, ta koma na ɗazu, tana yi masa bayani da baki cike. Kafin bayanin ya ƙare duka biyun sun ƙare. Sai ta ce maƙoshinta ya bushe, ya ɗora ruwan shayi, kuma ya zuba madara sosai.

Ya juya wa tukunyar shayin fuska ya daɗe yana gyara mata zama a kan wuta, don kada ta ga idonsa.

Daga ranar Injiniya ya zama mutum mai mantuwa. Ranar Lahadi ya ce zai gwada miya, ya manta albasa. Ranar Litinin ya dafa shinkafa, ya sauke ta da sauran tsakiya. Kullum da safe sai ya yi 'yar ƙaramar ɓarna mai ƙara ko mai wari, ya kasa kunne, sai ya ji silifas na tahowa. Tun tana dafa bango har ta daina. Takan tsaya a kansa da cokali, ta ɗanɗana ta ce bai yi ba, a gyara ta ɗanɗana, a sake gyarawa ta sake ɗanɗanawa, shi kuma yana gefe yana shan faɗa kamar ana yi masa kiɗa. Shagon ma sai bayan azahar yake buɗewa, masu fanka suna ta cigiyarsa.

Donat kuwa kullum sai an yi da la'asar, kuma kullum da abin da zai rasa: yau kirfa, gobe suga, jibi a bar shi ya wuce minti ɗaya. Waɗanda suka yi saura har maƙwabta suka san daɗinsu. Mai ayaba ta ce ba ta taɓa ganin baƙar ayaba ta yi kasuwa irin ta makon nan ba. Ita kuwa tukunyar da aka ce wanka ba ruwa, ta samu wuri a kan kantar kicin kusa da taga, Shugaba da kanta take goge ta, ba ta yarda kowa ya cika mata kwando.

Ranar Litinin ɗin da likita ya sa, Injiniya ya kasa karyawa. A ɗakin likita Shugaba ta cire silifas ta hau sikeli, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa, ya ɗaga kai yana duban fankar silin, wadda ko ba a gaya masa ba ya san tana son mai. Likita ya duba, ya koma takarda, ya sake dubawa.

"Kilo ɗaya da 'yan kai," ya ce, yana murmushi. "Ƙaruwa, ba raguwa ba. Mama, ba na riƙe ki. Me kike ci haka?"

Shugaba ta sauko tana neman silifas da ƙafa.

"Kurakuran mijina nake ci, likita. Kuma ba sa ƙarewa."

Likita ya yi dariya bai gane ba. Injiniya kuwa ya sha jinin jikinsa. Suka fito, suka shiga mota, suka sauka a kwanar layinsu. Can ya yi ta maza.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun gishirin farko."

"Ta yaya?"

"Injiniya, ina tsaye ina kallonka. Hannunka ya je kan kwanon, ya tsaya, ya yi tsalle. Mutumin da bai taɓa manta noti ɗaya ba, shi ne zai manta gishirin da ya jera da hannunsa? Har gumi fa ka yi."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ɗan yi tafiya kafin ta amsa, kuma da ta amsa muryar ba ta faɗa ba ce.

"In na faɗa ai dainawa za ka yi. Ni kuma ina so a kira ni."

Son matar nan ya cika masa ƙirji, a tsakiyar titi, da tsufansa. Ita kuwa ta riga ta isa teburin mai ayaba, ana ta yi mata barka, tana juya ayaba ɗaya bayan ɗaya tana zaɓen waɗanda suka fi baƙi.

Da la'asar ya shimfiɗa farin ƙyallensa ya jera kwanoni. Ya dube ta.

"Yau me zan manta?"

"Yau kada ka manta komai. Ka yi shi yadda ka iya. Ka kawo falo, da shayi kofi biyu."

"Falo?"

"Zama zan yi in ci. Ni da kai."

Ya yi shi yadda ya iya, guda huɗu a kwando, kowanne da filinsa, gishiri a wurinsa. Ya jero su a faranti da zafinsu ya fito. Shugaba na tsaye a tsakiyar falo, hannu a ƙugu, tana duban kujerar da za ta zauna.

"Wai wane ne ya ajiye cokali a kan kujera?"

Injiniya ya ajiye farantin a hankali. Kwana goma sha uku ke nan cokalin na wurin.

"Ni ne," ya ce.

"To ɗauke shi mana, ka tsaya kana yi mini murmushi. Ina zan zauna?"

Ya ɗauke, ta zauna, ta jawo farantin gabanta.